Kwamitin Bai Zauna Ba

Alhamis, 11 ga Afrilu, 2024

"Inna, in ba su fara ba ta maganin nan kafin Sallah ba, da kaina zan kawo miki ita Bagudo." Haka surukina Haliru, mijin ɗiyata, ya ce min daga Turai. Jiya aka yi Sallah.

Asabar, 13 ga Afrilu

Ya kira. Wai kwamiti bai zauna ba. Na karanta tsarinsu tun kafin ya yi min bayani. Hukuma ɗaya ce ke cewa magani na aiki, ta riga ta ce. Wata daban ke duba ko watannin da zai ƙara wa mai ciwon daji sun kai gwamnati ta biya. Tsakanin ofis biyun nan ɗiyata take kwance.

Na ce, "To ciwon ma ya tsaya jiran zaman?"

Talata, 16 ga Afrilu

Na koyar da darasi. Ban san me na faɗa wa ɗaliban ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Zubaida maƙwabciyata ta dawo daga cin kasuwa a Benin da sassaƙe a leda. "Malama, ki aika mata. Ko da yake wanda ke Turai ai ya warke, mu ne abin tausayi." Na karɓa, na yi godiya. Ita ko ba komai ba ta kafa kwamiti ba.

Haliru ya turo hoto. Zoben ɗiyata ya koma babban yatsa.

Laraba, 24 ga Afrilu

An ɗage zaman zuwa bazararsu. Haliru na kuka, "Inna, in na ɗauke ta, ta fita layin maganin." Ni ko ɗigo. Na rasa ma wanda zan zaga.

Yau ban buɗe labarin maganin ba. Ɗakin baya na share, na sa aka gyara tagar. Don ƙura ne kawai.

Na ba Haliru zuwa Juma'a bayan masallaci ya gaya mata gaskiya. Ɗiyar fari ce, tun da na haife ta ban kama sunanta ba, gaisuwa ma ta bakin mijinta nake aikawa. In ya kasa, wayarta zan kira, ba tasa ba. In ce: Mansura, taho gida.