Gurbin Amshi a Faifan Mukhtaru

Hindawiyya, Makka
Safar, 1387

Zuwa ga Yaya Asiya a Madani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi, yara kuma suna lafiya.

Kin tambayi ƙanwarki Zinariya. Tana ci, tana salla, amma wata takwas ke nan tun rasuwar ɗanmu Idris ba ta haɗa magana biyu ba. Matar da in ta yi amshi wurin daka a Madani sai an ji ta a bakin kogi. Na kai ta Harami, na ba ta zamzam, na yi mata tatsuniya da tsufana. Ko gizo bai samu dariyarta ba.

Surukinmu Mukhtaru, direban nan, ya kawo garmaho daga Jidda, da faifai ɗaya da ya samu wurin wani ma'aikacin jirgin ruwa. Wai waƙar baƙaƙen Amurka ce, jikokin waɗanda aka kwashe daga ƙasashenmu. A ɗakin ibadarsu salon ya tashi, sannan ya fito titi ya koma kan soyayya. Wani ne ke roƙon matarsa ta dawo, muryarsa kamar an shaƙe rago, ga ganga, ga ƙaho, ga tafi, mata na amsa masa. Na ce in za a kunna, a lulluɓe garmahon da bargo saboda maƙwabta. Nan Makka ce.

Ki sa ta a addu'a. Naki,
Salihu

Rajab, 1387

Yaya Asiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ki zauna kafin a karanta miki wannan.

Akwai wani wuri a tsakiyar faifan da mawaƙin ke yin kira, sai ganga da ƙaho da matan duk su ɗauke. Mukhtaru ya ce da gangan ne, wai nan ne daɗin. Zinariya ba ta san haka ba. Kwana uku ina ganin tana ɓata fuska daidai wurin. Ran na huɗu bayan la'asar, tana tsince shinkafa, mutumin ya yi kiransa, aka yi shiru. Ta ajiye tire ta ce, "Waɗanne irin 'yan amshi ne za su bar bawan Allah shi kaɗai?" Sai ta amsa masa, da amshin nan naku na luguden gero, ya zauna daram.

Mukhtaru ya buɗe baki zai yi bayani, na take masa ƙafa.

Yanzu matan unguwa sun ɗauki kiran da amshinsa, da shi suke daka, ba su san daga ina ya fito ba. Ita kuwa jiya ta kira sunan Idris, ta yi kuka, sannan ta yi mini faɗa kan hulata mai datti. Ban taɓa jin daɗin faɗa haka ba.

Tana gaishe ki da bakinta.

Naki,
Salihu