Cokalin Mu'azzam

Al-Awali, Madina
6 ga Rajab

Zuwa ga Mamana Zulaiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin jinya, ya Innarki Ƙaltume da gwiwarta, ya mutanen Dutse baki ɗaya? Ni ma lafiya lau, sai ɗan abin da zan faɗa miki a ƙasa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon murya. Rubutawa na yi na ɗauki hotonta na turo, don ke tun kina 'yar shekara bakwai kike gane ƙaryata daga numfashi. A takarda kuwa mutum yana da lokacin shiri. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi, shi ma rabinsa a kan dabinon bayan makaranta na yi shi.

Likita ya ce ina da ɗan sukari. Shekara goma sha tara ina aiki a gonar dabino, in ci na safe, in ci na rana, ban da wanda ake ɗanɗanawa don a tabbatar ya nuna. Ai da bai samu sukari a jinina ba, da sai a karɓe takardarsa ta likita. Ya ba ni ƙwayoyi, ɗaya safe ɗaya yamma, ya kuma hana ni dabino.

Mai gonar, Shehu Ubaidullah, wanda kakansa Bakano ne da ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba, ya kira ni gidansa a unguwar Ƙurban. Ina yi masa Hausa yana amsawa da Larabci, kamar kullum. Ya ce iƙamata, wato takardar zamana, za ta ƙare a Shawwal, kuma ba zai sabunta ba sai likita ya rubuta cewa zan iya hawa. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya ce ba ya son ya wayi gari ya tsince ni a gindin dabinon ajwa. To ni hawan nan ne kaɗai abin da na iya, kuma ban shirya barin garin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba.

Amma na samu hanya. Akwai Mu'azzam, Ba'indiye mai ban ruwa a gonarmu, mutumin kirki, kakansa mai magani ne a ƙasarsu. Yana da ɗan fage a bakin magudanar ruwa inda yake shuke-shukensa. Ya kai ni yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya cikin girmamawa, ni kuma ina danne dariya. Wanda ya kira nim, darbejiya ce. Tulsi, ɗoɗɗoya ce. Methi, hulba. Babban sarkinsu kuwa, karela, garafuni ne, Mamana, garafunin da ke nannaɗe dangar bayan gidanmu, sai dai nasu ya yi ƙiba kamar ɗan ciyaman. Na ce masa mu a wurinmu awaki ma sai sun rasa abin yi suke kallonsa.

Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna, ya rufe ido, ya ce jikin mutum iska ne da zafi da majina, ni kuma majina ce ta yi mini yawa. Na ce Innarki ta daɗe da cewa iska ce. Ya ce kowace safiya in zo, zai ba ni ruwan garafuni da jiƙaƙƙiyar hulba. Na fara jiya. Ɗacinsa ya tuna mini duk laifin da na taɓa yi.

Ki gaida kowa. Kada ki tayar wa Innarki hankali.

Babanki,
Ƙasimu Mai Dabino


Al-Awali, Madina
25 ga Rajab

Mamana,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kun wuni lafiya, ke da Innarki da ƙannenki. Na ji saƙonki na murya, minti goma sha ɗaya. Na saurare shi a tsaye, don ban ga ya dace mutum ya zauna ana yi masa irin wannan faɗa ba.

Kin ce in faɗa miki lambar da na'urar gwaji take nunawa. Ɗari da arba'in. Kin ce in gaya wa likita duk abin da nake sha, in kuma gaya wa Mu'azzam ina shan ƙwayoyi. To, za a duba.

Mamana, ke boko ya ɗauke ki da wuri, ba ki san wasu abubuwa ba. Ba a zuwa gaban mai magani a ce masa ana shan na wani. Cin fuska ne, kamar ka je gidan mutum cin tuwo da ƙunshin naka a aljihu. Ran da Mu'azzam ya tambaye ni ko asibiti sun ba ni wani abu, na ce masa daga Allah sai shi. Ya ji daɗi har ya dafa ƙirji. Yanzu da wane baki zan koma?

Matsalata da shi ɗaya ce, cokalinsa. Wani ɗan cokalin tagulla ne da ya gada daga kakansa, bai fi farcen babban yatsana ba. Cokali biyu na ruwan garafuni, ɗaya na hulba, shi ke nan, sai gobe. Ya ce a iliminsu magani yana da awo, yana da lokaci, yana da jikin da ya dace da shi, kuma ganyen da ya warkar a cokali zai iya kayarwa a kofi. Na ce masa ni ƙato ne, ba jariri ba. Kakarki, wadda kika ci sunanta, in za ta yi mana magani tukunya take ɗorawa, a sha da moɗa, a yi wanka da saura, kuma ga mu har yau.

Saboda haka na ɗan taimaka masa bai sani ba. Na je kasuwar kayan miya na sayo karela leda guda da hulba rabin kilo, ina dafawa a ɗakina. Nasa na cokali ina karɓa da hannu biyu in yi godiya, nawa na tukunya kuma kofi biyu kafin fita. Shawwal ba nisa, ba ni da lokacin cokali.

Aiki ya taso. Lokaci ne na ɗaura wa macen dabino furen namiji, bishiya talatin a rana. Babanki ne limamin ɗaurin aurensu, ba goro ba sadaki. Ina jin jikina sakayau, har wani lokaci ƙafafuna kamar ba nawa ba. Alamar magani yana aiki ke nan.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Ƙasimu


Asibiti, Madina
4 ga Sha'aban

Mamana Zulaiha,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni da sauƙi, ina zaune da kaina, ina ci da hannuna. Na fara da wannan don ki karanta sauran a zaune.

Ɗari da arba'in ɗin da na rubuta miki ƙarya ce. Ɗari uku da 'yan kai ne a lokacin da likita ya fara gwadawa, daga nan ban sake gwadawa ba, don na'urar ba ta taɓa faɗa mini magana mai daɗi ba.

Ranar Talata na sha ƙwayata, na sha kofi biyu na tukunya, na karɓi cokalin Mu'azzam, ban karya ba saboda sauri. A bishiya ta tara, wajen hantsi, na ji gumi mai sanyi, furen ya suɓuce. Na ga gonar tana juyawa a hankali, har na ce ashe Awali tana da kyau haka. Abin da ya riƙe ni igiyar hawa ce da ke ƙuguna. An ce na yi lilo a can kamar jemage, kaina a langaɓe.

Mu'azzam ne ya gan ni. Mutumin nan ko kan tankin ruwa ba ya hawa saboda tsoro, amma ya jingina tsani ya hau, yana kiran sunana yana salati. Ya taɓa goshina, ya ji gumin, ya gane. Ya zaro dabino mai laushi daga aljihunsa, ya murje shi, ya riƙa shafa mini a dasashi har na fara haɗiya. Sai ga ni na buɗe ido a sama, bakina cike da abin da aka hana ni wata guda. Maganar farko da na yi ita ce ya ƙaro. Daga nan ma'aikata suka sauko da ni, Shehu Ubaidullah ya kawo ni a motarsa. A nan suka gwada, hamsin da biyu, bayan dabinon ma.

Washegari Mu'azzam ya shiga ɗakina don ya ɗauko mini riga, ya ga tukunya, ya ga kwalin ƙwayoyi. Ya kwaso su duka ya kawo asibiti ya dire a gaban likita. Likitan Basudane ne, dogo, mai magana a hankali. Suka tsaya a kaina, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar masu gona biyu da suka kama akuya ɗaya tana ɓarna. Likita ya ce ƙwayar tana saukar da sukari, garafuni da hulba su ma suna iya saukarwa, ni kuma na haɗa su na ƙara da yunwa. Mu'azzam ya ce da ya san ina shan ƙwaya ko rabin cokali ba zai ba ni ba sai da yardar likita. Ya juyo gare ni ya ce, ya ammi, wato baffa, ni ka girmama da ƙaryar nan, ko kashe ka ka so in yi da hannuna? Idonsa ya kawo ruwa. Na nemi abin dariya da zan faɗa ban samu ba, karo na farko tun da aka haife ni.

Kin faɗa mini tun farko. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe a zuciyata, ba sai kin turo minti goma sha ɗaya ba. Biyar ma sun isa.

Babanki mai laifi,
Ƙasimu


Al-Awali, Madina
20 ga Sha'aban

Mamana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Innarki da duk wanda ya tambaye ni. Yau da safe ɗari da sittin da takwas. Na turo hoton na'urar tare da takardar, tunda maganata ta zube.

Likita ya rubuta. Aikin ƙasa, ban da hawa. Shehu Ubaidullah ya karanta, sai ya ce zai sabunta iƙamata in zauna gadin ƙofa. Ya ƙara da Hausa, wadda ban taɓa jin ya yi ba, ya ce, zauna, Baba. Na kwana uku a kujerar ƙofar ina gwadawa. Wuyana ya ƙage saboda kallon sama, ina ganin wasu suna ɗaura fure a karkace ba ni da ikon gyarawa.

Zan faɗa miki wani abu sau ɗaya, kada ki maimaita mini. Shekara da shekaru ina cewa burina in mutu a Madina a kai ni maƙabartar Baƙi'a. Amma da nake lilo a igiyar nan, ba Baƙi'a na tuna ba. Hotonki na tuna, na ranar da kika gama makarantar jinya, da farin kaya, da wurin da ya kamata in tsaya a gefenki. Na yi wa Shehu godiya, na ce zan yi azumin bana a nan in likita ya yarda, in yi sallama da Masallaci, in taho gida bayan Salla.

Mu'azzam ya daina fushi. Jiya ya kawo mini irin karelarsa a ƙulle cikin takarda, ya rubuta yadda ake jiƙa hulba, sannan ya zaro cokalin kakansa. Na miƙa hannu biyu, sai ya janye. Ya ce ba nawa ba ne. Ya naɗe shi, ya sa ni na rubuta sunanki a kai, ya ce in kin duba ƙwayoyina kin ga babu laifi, ke za ki riƙa aunawa, in kin ce a'a, a sha shayi da shi.

Ki ce wa Innarki kada a cire garafunin dangar baya, yana da 'yan'uwa manyan mutane a Indiya. Babbar tukunyar kakarki kuma ta ɓoye ta kafin in iso.

Sai na zo.

Babanki, kuma majinyacinki,
Ƙasimu Mai Dabino