Hannun da Na Hana Ka

Zuwa ga maigidana, Abban Zainab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na zo maka da labarin da, da kana raye, sai ka yi dariya har ka riƙe ciki. Na shiga ajin taici, motsa jikin nan na 'yan Chana. Ni ɗin dai, wadda ta shekara tara tana kiransa rawar tsofaffi.

Ka tuna farkonsa. Likita ya ce jininka ya hau, ka nemi motsa jiki. Maza na tafiya ɗaga ƙarfe, kai kuwa ka bi tsofaffin 'yan Chana zuwa filin shaƙatawa a nan Gaithersburg ta Amurka, kuna shafa iska sannu-sannu kamar masu gudun tada jariri. Na ce injiniya guda, Bakano, an ce maka wannan dabarar faɗa ce kuma ka yarda? Wa za a doka da wannan sanyin jiki?

Ka manna hoton nan a jikin firij, da'ira rabi baƙi rabi fari, kowane ɓangare da ɗigon ɗan'uwansa a ciki. Ka ce sunansa yin da yang, wai taushi da ƙarfi ne, kuma ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗaya. Ni abin da na gani shi ne ya rufe min jadawalin aikina na asibiti. Sau biyu ina cire shi, kana mayarwa.

Abu ɗaya ka roƙe ni. Akwai atisayen da mutum biyu ke yi, su haɗa wuyan hannu, wannan ya tura, wancan ya ba da hanya, sannan a juya. Ba ka son haɗa hannu da matan ajin, ka fi so ka yi da ni a gida. Kullum sai ka ce, "Hajara, ara min hannunki, minti goma kawai." Na ce ina da tuwo a wuta. Na ce na wuni a tsaye kan marasa lafiya. Na ce maƙwabta za su ga Hajiya tana rawa a bayan gida. Gaskiyar ita ce ban iya ba da hanya ba, kuma ban so ka gane.

Haka muka yi zamanmu, ni in tura, kai ka kauce. Na ɗauka rashin zuciya ne, har na taɓa faɗa wa yayata haka a waya. Ina jin kunyar wannan maganar har yau. Tunda ka tafi babu mai kaucewa a gidan nan. Zainab halina ta kwaso kaf, mun yi wata biyu ba ma ga-maciji a kan zancen da na manta farkonsa.

Ranar da na fara zuwa ajin taicin, malaminku ya haɗa ni da matarsa, 'yar tsohuwa da iska za ta iya ɗauka. Na tura da ƙarfina, sai na tsinci kaina ina tangaɗi, ita ko gezau. Ta ce hannuna ya cika surutu, in bari ya saurara. Da ta ji ni matarka ce, ta ce ai kakan gaya musu cewa a gida ka koyi kaucewa, wajen babbar malama. Na yi dariya a gabanta, na shiga mota na yi kuka.

A ajin nan ne wani abu ya dawo min, kuma shi ya sa na ɗauki biro.

Kwana biyu kafin ka cika, da hantsi, na kama hannunka ina duba bugun jininka, idona a kan agogo. Sai ka juya hannun, ka jingina wuyansa da nawa, ka ɗan tura a hankali. Na ce, "Tsaya mana, Malam, ka ɓata min ƙirga." Ka tsaya, kamar yadda ka saba. Na rubuta bugun a takarda, na gyara maka bargo, ina ganin na yi aikina. Sai bayan shekara guda, hannuna a jikin na wata tsohuwa, na gane abin da ka roƙa a ranar.

Ka yafe min, Malam.

Hoton na nan a firij, na mayar da jadawalin gefe. Jiya na kira Zainab, ta taso da faɗa, na bar ta ta gama. Da wuya, amma na iya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka haƙurin da ka yi da ni. Idan Ya haɗa mu a Aljanna, ga hannun nan, kuma ba ni da komai a wuta.

Matarka,
Hajara