Mai Shara Ta Kwashe Mini Wata Huɗu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Baba da autarmu?

Lafiyata ƙalau, sai dai zuwana gida ya ɗan ja baya. Wata huɗu ina auna saƙar wani gizo-gizo a ɗakin bincikenmu. Jiya sabuwar mai shara ta ga yanarsa a katakon da na kafa masa, ta kwashe tas, har da shi. Dole in sake daga farko.

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga yadda ta riƙe tsintsiyar tana tsaki, irin naki sak. Ƙwalla ta cika mini ido, na ce mata sannu da aiki.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki, Uwar Gizo