An Sauko da Inna a Kan Kujera

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau. Kawu Direba ya rabu da tarin nan har ya koma bakin aiki, gwiwar Inna kuwa wata rana da sauƙi, wata rana sai haƙuri. Amma Yaya, albishirinka! In ka ga rubutun ya karkace ka yi mini uzuri, murna ce.

Ka san tun da gwiwar nan ta matsa, Inna ba ta ƙara saukowa daga saman benen ƙaramar hukuma da muke haya ba, daga gado sai bakin taga. Ka kuma san sintirin da na sha a ofishin gidaje ina roƙon a mayar da mu ƙasa, kullum amsar ɗaya ce, ana dubawa. To, kwanakin baya sai ga wata tawaga an turo ta auna aikin sashen gidajen: ko suna gyara a kan lokaci, ko suna sauraron masu haya, da yadda suke raba ɗakuna. Suka nemi wasu daga cikin mazauna su bi su zagaye. Matan benenmu suka tura ni, wai tunda bakina ba ya gajiya, gara ya yi wa jama'a amfani.

Wallahi na fita ne da niyyar in wanke 'yan ofishin nan tas. Sai shugabar tawagar, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta ce mana awo muka fito yi ba faɗa ba, mai awo kuwa ba ya danne sikeli. Mun shiga ɗakin da danshi ya baƙanta bangonsa, jaririn gidan yana ta tari, uwar ta ce ta kai kuka har ta gaji. Mun kuma ga layin da aka sauya bututun ruwa kaf aka sa fitilu a matakala, mutanen wurin sai sa albarka suke yi. Ma'aikaciyar nan Mai Tabarau da nake yawan kawo maka ƙararta, ashe ita kaɗai ke ɗaga waya, ta karɓi koke, ta kuma fita duba gidaje, don an kwashe abokan aikinta ba a kawo wasu ba. Da aka nemi ra'ayina na faɗi mai daɗin na faɗi mai ɗacin, ban rage komai ba.

Ranar da za a karanta sakamako a zauren makarantar unguwa, Inna ta kafe sai ta je. Na lallashe ta, ta ce ko a kai ta ko ta rarrafa. Sai Dogo mai walda ya kira maƙwabta, suka ɗauke ta a kan kujerarta mai hannu, suna saukowa tana yi musu faɗa kada su goge mata fenti. Da aka ba jama'a dama ta ɗaga sandarta. Ta ce ita ba katafaren gida take nema ba. Yau ƙarti ne suka sauko da ita tana zaune, tana roƙon arziki kada saukowarta ta gaba ta zama a kwance. Yaya, ni dai hawaye kawai nake sharewa.

Shugaban sashen ya miƙe, ban ji ya kare kansa ba. Ya ce a tsarinsu wanda ya riga zuwa shi ake fara bai wa ɗaki, ba a duba tsufa ko ciwo, kuma daga yanzu za su gyara. Tawagar ta yaba musu a kan ruwa da fitilu, ta kayar da su a kan danshi da amsa koke, ta ce a ƙara wa Mai Tabarau abokan aiki, kuma za ta dawo ta ga ko an cika alkawari.

Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Makon jiya Mai Tabarau da kanta ta kawo mana makulli! Ɗakin ƙasa ne a benenmu, ƙofarsa na kallon tsakar gida. Shekaranjiya Inna ta dogara sandarta ta taka har shagon bakin layi, ta sayi sabulun da ba ma buƙata, ta tsaya tana gaisawa da duk wanda ya gifta. Ba duka aka gama ba, ɗakin jaririn nan har yanzu ba a taɓa shi ba, kuma tunda an sa ni cikin kwamitin masu haya, ba zan bar su su sha ruwa ba sai an gyara. Maganar ɗauke Inna zuwa wurinka da kake yi kuwa, don Allah ka bar ta haka.

Ka gaida Anti da kyau, da yaranku 'Yar Baba da Sarkin Rigima. Kawu Direba da Gwaggo suna gaishe ku. Inna ta sa maka albarka, ta ce in ka zo ƙofar farko ce ta hannun dama, amma kada ka ɓata lokaci wajen ƙwanƙwasawa, ka neme ta a gindin bishiya cikin ƙawayenta.

Wassalam, taka har kullum,
Auta