Ni Ce Na Tura Hoton Littattafan Bishop

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Zumuntar 'Yan Arewa mazauna Taman Melati da kewaye, a ƙasar Malesiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran dattawan kwamiti, ina neman afuwa da na zaɓi in rubuto maka inda kowa zai karanta. A bainar jama'a aka yi ɓarnar, kuma da hannuna aka fara ta.

Ni ce matar Malam Sabi'u, ɗalibin digiri na uku a fannin tarihi, wanda ya yi shekara biyu yana koya wa yaranmu Sira kowace Asabar a ɗakin taro na benenmu, har kwamiti ya dakatar da shi mako biyu da suka wuce. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba. Yau larura ta sa na rubuta shi. Na samu labarin cewa wasiƙar da kuka shirya aika wa jami'ar da ta turo shi daga gida tana kan teburinka, sa hannunka take jira ranar Lahadi mai zuwa, kuma a cikinta an ce akwai shakku a kan aƙidarsa. Ka san abin da takarda irin wannan za ta yi wa malami idan ta isa gida. Ina roƙonka ka karanta tawa kafin ka ɗauki biro.

Na farko, yadda abin ya fara.

Ni mace ce mai karatun littattafan soyayya. Ba na musu. Tun ina sakandare nake ɓoye su a cikin littafin lissafi, da na zo ƙasar nan kuwa, ban san kowa ba, Malam yana wuni a jami'a, sai suka zama abokan hirata. Daga hawa na tara nake zama bakin taga, jirgin ƙasa yana wucewa, ni ina can cikin gidan wani attajiri da babu shi a duniya. A cikin labaran nan duk mijin da ya yi shiru yana da sirri, duk takardar da aka tsinta a aljihu kuwa farkon tonon asiri ce.

Wata Talata ina goge teburin karatunsa na ga littattafai huɗu. A bangon na sama akwai wani dattijo da doguwar hula mai tsini, ya riƙe sanda mai lanƙwasasshen kai, ga gicciye a ƙirjinsa. A tsakiyar littafin na tarar da katin shiga ɗakin karatu na wata makarantar coci, da sunan Malam a kai. Na tuna kwanakin nan yana yawan motsa baki yana maimaita wasu kalmomi da ba Larabci ba. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama rubuta labarin a kaina, har da wata farar mace mai taushin murya da take jan shi a hankali, har da ni ina kuka a filin jirgi. Babu wata mace, ranka ya daɗe. Ni na ƙirƙiro ta, na ma zaɓa mata kalar riga.

Ka san al'adar zauren matanmu na waya. Mace idan tana da damuwa sai ta tura wa Anti Ladidi, mai kula da zauren, ita kuma ta saka da cewa wata baiwar Allah tana neman shawara, a ɓoye suna. Haka na yi. Na ɗauki hoton teburin na tura, na ce a taya ni da addu'a, ina tsoron mijina yana shirin barin addini. Abin da ban lura da shi ba, a gefen littattafan akwai kofin shayinsa, irin na rabon bikinmu, wanda ƙannena suka buga da hotonmu da sunayenmu. Da na zo ƙasar nan, irinsa na raba wa matan benenmu tsaraba. Babu kicin ɗin da babu shi. An ɓoye sunana a rubutu, ga shi kuma ɓaro-ɓaro a jikin kofi.

Na biyu, abin da ya biyo baya.

Kafin la'asar saƙonni sun cika zauren. Wata ta rubuta, “Innalillahi, ba mai koya wa yaranmu Sira ba ne?” Wata ta ce ita dama ta daɗe tana mamakin tsawon wandonsa. Na nemi a goge hoton, aka goge, amma ya riga ya shiga wayoyin maza. Ranar Alhamis maƙwabciyata ta ajiye min kwanona a bakin ƙofa, wanda na kai mata dambu a ciki, babu ko ƙwayar dabino, ba ta ma ƙwanƙwasa ba. Ranar Juma'a mutanen da suka saba ɗaukar Malam a mota zuwa masallaci suka ce motar ta cika. Ranar Asabar ya sauka da allonsa da ledar alawar da yake raba wa yara, ya tarar da wani a kan kujerarsa. Sakataren kwamiti ya tare shi a bakin ƙofa ya ce ya ɗan huta tukuna. Ya hawo da ledar ko buɗe ta bai yi ba.

Duk kwanakin nan huɗu na san dalili, shi bai sani ba. Ina zuba masa abinci ina kallon ƙasa. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai, ya fi tura hoton ma. Sai da na ga ledar nan na durƙusa na faɗa masa. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Ɗaki ɗaya muke kwana, me ya hana ki tambaye ni?”

Na uku, abin da ke cikin littattafan.

Washegari ya ce in sa mayafi, muka je shagon mamak, wato shagon shayin Indiyawa Musulmi, da ke kusa da tasha, ya saya min shayi da gurasarsu, ya buɗe babi na farko na aikinsa. Shekara biyu ina gidan mutum ban san abin da ya kawo shi Malesiya ba. Na san sunayen jaruman littattafai fiye da ɗari, ban san kan binciken mijina ba.

Bincikensa a kan bishop-bishop ne, wato shugabannin Kiristoci na birane, musamman waɗanda suka rayu a ƙarƙashin mulkin Musulmi a Masar da Sham da Andalus. Ya ce asalin kalmar a harshen Girka tana nufin mai kula, mai sa ido a kan jama'a. Da farko shi ne mai jan ibada da raba taimako ga zawarawa da marayu. Da sarakunan Rum suka karɓi addinin, sai aka ba shi ikon yin shari'a tsakanin mutane, har wani bishop na Arewacin Afirka ya riƙa kukan cewa masu ƙara kan gado da iyakar gona sun hana shi karatu. Da daular ta raunana a yammaci, gwamnoni suka watse, a garuruwa da yawa shi ne ya rage yana ciyar da mutane lokacin yunwa, yana fita bakin ganuwa ya yi magana da mahara. Wasu har kwanukan zinare na coci suka narka don fanso waɗanda aka kama a yaƙi. Daga baya a Turai suka mallaki ƙasa da makarantu, wasu da mayaƙa, suna naɗa sarakuna, suna kuma rigima da su a kan wa ke da ikon miƙa wa sabon bishop zobe da sanda. Malam bai wanke su ba. Ya nuna min waɗanda suka sayi muƙamin, da waɗanda suka ja runduna suka zubar da jini.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da ya tuna min cewa a tarihinmu ma suna nan. A cikin tawagar Kiristocin Najran da suka zo Madina akwai bishop ɗinsu. Babban limamin Kiristocin Ƙudus ne ya miƙa birnin ga halifa na biyu. Ɗaruruwan shekaru Habashawa suna karɓar bishop ɗinsu daga Masar, sai sarkinsu ya aika wa sarkin Musulmi na can da wasiƙa kafin a turo shi. Wanda zai rubuta yadda magabatanmu suka zauna da waɗannan mutane, dole ya karanta abin da su ma suka rubuta. Shi ya kai shi ɗakin karatun cocin, da takarda daga malamin da ke duba aikinsa, wanda shi ma Musulmi ne. Kalmomin da na ji yana maimaitawa kuwa darasin Latin ne, yana haddace su kamar yadda muka haddace sarfu a Islamiyya.

Na huɗu, kukana da kwamiti.

Laifina na ɗauka, ban raba shi da kowa ba. Amma ni yarinya ce da ta gama sakandare aka kawo ta ƙasar da ba ta san kowa ba. Ku a kwamiti akwai daktoci huɗu. Kowannenku ya san ana binciken abin da ba a bi, a cikinku akwai wanda yake nazarin cutar daji, ba a ce ya kamu da ita ba. Kun zauna a kan maganar mutum, kun yanke, kun rubuta wasiƙa, babu wanda ya hau hawa na tara ya ce, Malam, mene ne wannan? Lambarsa tana wayar kowannenku, da ita kuke kiransa idan za a yi addu'ar suna. Hujjarku hoto ɗaya ne da tsoron mace ɗaya. Addininmu ya ce idan aka kawo labari a bincika kafin a cutar da wani. Ni ce mai kawo labarin, kuma ga shi da bakina ina faɗa muku ban cancanci a gaskata ni ba. Tambayar da ya yi min ita nake miƙo muku, cikin ladabi: me ya hana ku tambaye shi?

Shi ba zai yi magana ba. Na roƙe shi ya zo wurinka, ya ce idan ya kare kansa dole ya ambaci wanda ya tura hoton, shi kuwa ba zai tsaya gaban maza ya tona matarsa ba. Jiya na ga ya wanke kofin nan ya sha shayi a ciki kamar kullum. Na shiga bayi na yi kuka na gaske, wanda bai yi kama da na littafi ba ko kaɗan.

Don haka nake roƙo. Kada ka sa hannu a wasiƙar nan, a yage ta, a kuma sanar cewa an yage ta. A kira Malam a zaman ranar Lahadi da littattafansa da takardar malaminsa, a tambaye shi duk abin da ake so. A mayar masa da ajinsa, ledar alawar tana nan a kan firij. Sannan a karanta wannan takarda a ɗakin taron da aka tare shi a bakin ƙofarsa, a kuma saka ta a zauren mata, inda na fara. Ga 'yan uwana mata, ban riƙe kowa ba, har mai kwano. Abin da na shuka kuka ga ya tsiro.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka gama da jagorancin nan lafiya, Ya tsare ka daga ɗaukar alhakin wani, Ya rufa mana asiri baki ɗaya a wannan baƙuwar ƙasa.

Anti Ladidi, idan za ki saka wannan, kada ki ce wata baiwar Allah. Ki sa sunana.

Wassalam.

Taku cikin nadama,
Rumasa'u, matar Malam,
Taman Melati, Kuala Lumpur.