Kin Tsare Musu Ƙofa

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta tsattsage, furen da ya tsiro a bakin ramin macizai, ke da suke kira Kunama, na ƙi yarda sai da na ɗanɗana harbinki!

Ki yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da sawun kaza. Da hagu nake yin sa. Hannun dama yana cikin filasta, kuma likita ya ce yatsu huɗun nan ba za su sake yanka makulli ba. Ba sai na faɗa miki dalili ba, kina wurin.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona? Kika ajiye guntun sabulu mai shatin makulli a kan teburina, kika ce Kawu, ubangidanku, yana son sa kafin yamma. Aikin minti goma ne, wallahi, amma na ja shi awa uku, ina goga magagari a banza, don kawai ki ci gaba da zama a kan bencin nan kina hure garin ƙarfe daga hannun rigarki. Kin gane, kika yi dariya, kika ce ba ki taɓa ganin maƙeri mai nawa irina ba. Wayyo wannan dariya! Ita ta ja ni har ɗakin bayan garejin Kawu, na zama na bakwai a dogon teburinsa, na sa baƙin zobe irin naku, na zauna tsakanin yayanki da Kurma, wanda ya fi kowa surutu a duniya. Na buɗe muku ƙofofin bayin Allah da ba su yi mini komai ba. Kina tsammani don Kawu na yi? Ni ina ruwana da Kawu?

Ke kuwa komai naki Kawu ne. Kullum maganarki ɗaya: shi ya tsince ku a bakin titi ke da yayanki kina shekara takwas, ya ciyar da ku, ya koya miki karatu. Haka ne, ya hasken raina. Amma mai kiwon rago ma yana shafa bayansa.

Da yayanki ya fara cewa ya gaji, zai bar ƙungiya, sati bai cika ba siton Kawu ya kama da wuta, yayan naki yana ciki. Kawu ya yi kuka a gabanmu har da majina. Ni na ƙera kwaɗon ƙofar nan da hannuna. Makullansa biyu ne rak, ɗaya a rataye a ƙusar shagona, ɗaya a ƙugun Kawu, kuma 'yan kwana-kwana a kulle suka same shi ta waje. Na faɗa miki wannan a bayan shago, ina riƙe da hannuwanki biyu. Ba ki zubar da hawaye ko ɗaya ba. Kika ce in jira ki gobe da hantsi, za mu tafi tare.

Kin san mahaifiyata ta share miki ɗaki a ranar? Kin san ƙanwata ta rataya sabon labule, tana tsokanata wai amaryar da ba a taɓa gani ba ko aljana ce?

Kin zo da hantsi, ba ki saɓa alkawari ba. Kika zo da Kurma da wani ƙato, suka ɗauki gudumata, tawa ta kaina, suka sauke ta a kan yatsuna. Ke kuma, ya kurciyata, ya inuwata a tsakar rana, kika tsaya a bakin ƙofa, kin ba ni baya, kina duba titi kada wani ya leƙo. Da na yi ihu, hannunki na gani ya miƙa ya ƙara muryar rediyo. Wane dutse aka sassaƙa ƙirjinki da shi? Ko juyowa ba ki yi ba!

Abin da ke hana ni sakat shi ne, Kurma da bakinsa da ba ya rufuwa ya ce Kawu wuyana ya nema, ke kika ce hannu ya isa. To in gode miki ke nan? Wace irin ƙauna ce ke zama ta yi ciniki a kan yatsun masoyinta? Mahaifiyata tana nan asibiti a gefen gadona tana ba ni abinci a baki kamar jariri, ta hana a ambace ki a gabanta. Ni kuwa da an taɓa ƙofar ɗakin nan sai in ɗaga kai. Tir da zuciya irin tawa!

Ki saurara da kyau. Akwai sarƙa a ƙafata, akwai ɗan sanda a bakin ƙofa. Na ba 'yan sanda sunaye huɗu, na Kawu a farko. Ranar Alhamis za su dira a garejin. Don girman Allah kada ki kasance a wurin. Ƙanwata za ta kawo miki wannan takarda, tana zagina tana kuka ta yarda. Na san kina iya miƙa wa Kawu ita kamar yadda kika miƙa masa maganata ta farko. Na sani sarai, kuma ga shi ina rubutawa.

Jiya babban 'yan sandan ya ajiye hotonki a kan bargona, kina fitowa daga mota, iska ta ɗaga gefen mayafinki. Ya tambaye ni wace ce wannan. Na daɗe ina kallonki, har ya fara buga ƙafa. Sannan na ce masa ban san ta ba. Har yanzu na kasa tantance ko ƙarya na yi masa.

Haka zan ci gaba da faɗa, a gaban alƙali, a gidan yari, ko shekara nawa suka yanke.

Naki, wanda bai iya daina zama naki ba,
Mai yanka makulli.